Almakashi Ɗaya a Tashar Mubi

Kwaji yana jiran motar Bahuli, amma idonsa na kan mai yankan farce da ke tsugune a gindin dalbejiya. Siririn mutum ne mai furfura, kyasbi ya yi masa dabbare-dabbare a wuya. Wataƙila da wannan sana'ar ya aurar da 'ya'yansa.

Ƙafar wani tsoho ce a cinyarsa. Farcen ya yi kauri, ya yi rawaya, yana marmashewa kamar busasshen rogo. Yana gamawa sai ya goge almakashin a wandonsa, shi ke nan wankin.

Wata mata ta turo 'yarta, 'yar shekara huɗu, ta ce a yanke mata. Kwaji ya matso kusa. Shekara uku ke nan yana ɓoye nasa yatsun ƙafar cikin safa, kuma a irin wannan zaman yake zargin ya kwaso cutar.

"Baba, ba ka da wani almakashin ne?"

Mutumin bai ɗago ba. "Shekara ashirin ina aiki da shi, ɗana, bai taɓa cutar da kowa ba."

Ya kamo hannun yarinyar. Farcen hannun mutumin goma duk sun ruɓe.