Ɓeran da Na Tausaya wa da Motar Maigida

Wata 'yar tsuwwa daga bayan buhun gyaɗa, ita ta ja mini. Lokacin muna Garwa, zamanin Ahijo, ina matashiyar uwa, na yi kolej amma ko yankan kaza ba na iya kallo. Na leƙa, sai ga ɓera, tarko ya kama masa wutsiya, yana kallona da 'yan idanunsa. Na ce ai shi ma halittar Allah ne. Na kai shi rumfar da maigida ke ajiye motarsa Fijo na sake shi, 'yata tana riƙe da zanina.

Ba a jima ba mota ta tsiro da hali. In tana gudu lafiya lau, har Marwa. Amma a tsaya a shingen jandarma, kafin a gama duba takardu ta fara huci kamar tukunyar dambu. Aka canza ruwa, aka wanke lagireto, har rubutu aka yayyafa mata. Ƙanin maigida, wanda yara ke kira Bappa, shi ke tuƙa ta, don haka laifi ya hau kansa, wai ganganci yake yi da ita. Ya rantse, ba a saurare shi ba. Maigida ya ce ƙarshen wata ya ajiye makulli ya koma garinsu Gider. Mutumin da kullum yake tsokanata wai miyata ba gishiri, sai ga shi ko tuwo ba ya gamawa.

Ni kuwa tuni nake ganin ɓawon gyaɗa da kashin ɓera a ƙarƙashin motar in ina shara. Kunya ta rufe mini baki. Sai da na ga Bappa yana haɗa kaya, na idar da sallah, na zayyana wa maigida komai. Bakanike ya zo, ya tayar da ita a tsaye ya zuba ido: injin ya ɗau zafi, fanka ko motsi. Ya zaro wayar fankar, ɓera ya gutsure ta. Ya ce in ana gudu iskar hanya ke sanyaya mota, a tsaye kuwa sai fanka. Maigida ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ba ƙaninsa haƙuri. Bappa kuma har yau uwar ɓera yake kirana.

'Yan'uwa mata, tausayi ibada ne, amma shirun da ke cin hakkin wani ba kunya ba ne. In kin san gaskiya, faɗe ta da wuri. Ni ba malami ya koya mini ba, 'yata ce, muna tsince shinkafa:

"Dada, ɓera a ranar kika sake shi. Bappa kuwa sai da ya rame."