Kawu Bawa da Saƙar da Ta Ƙi Bin Layi

Duk wanda ya san Kawu Bawa na Gwandu ya san ba ya wuce amyar zuma sai ya yi sallama. Mu danginsa kuwa, in ka gaishe shi, gyaɗa kai ne rabonka. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Su aiki suke yi, ku bayani."

Ni ne malamin makaranta a gidan, don haka na san inda jifar ta sauka.

Da gwiwa ta hana shi hawan itace, amyoyinsa duk suka mutu a sama, ya koma zaman kallon rassa. Sai na kawo masa akwatin zuma na zamani daga Kalgo, mai sanduna jere a ƙarƙashin murfi, kowace sanda saƙa ɗaya, in ji littafi. Ya zagaya shi sau biyu.

"Malam, wanga makara ce ko benci?"

Allah da ikonsa, taron zuma ya sauka a tsamiyar bayan gida. Kawu ya kakkaɓe su a ƙwarya ya juye cikin akwatin. Ashe ya zare sanduna huɗu ya gyara ƙofar akurki! Wai katako mai kyau haka ba a bar wa ƙwari.

Bayan mako uku muka ɗaga murfi da ƙyar. Kai! Sun manna saƙa a jikinsa, a gicciye, a murɗe, kamar rubutun ɗan aji ɗaya, ga 'ya'ya cike a ciki. Ni dai na san in suka yi fushi suka tashi, Kawu ya gama kiwon zuma ke nan a duniya.

Na ce, "Kawu, littafi ya ce a yanke a ɗaure a sanda, a kula da sarauniya."

"Wace sarauniya? Sarki dai."

"Mace ce, Kawu. Ita ke yin ƙwai."

"Yawwa! Shi ya sa ba su bi layinka ba. Ka taɓa ganin Innarka ta bi nawa tun da na aure ta?"

Na ɗauki wuƙa da iliminmu na zamani. Ɗaya ta harbe ni a leɓe, ya kumbura ya yi sumtum. Kawu ya leƙo.

"Sun duba aikinka, Malam. Ga makinka nan."

Ya karɓi wuƙar. Ya ƙwato sandunan daga wurin kaji, ya busa hayaƙi kaɗan, ya riƙa yanka a hankali yana ɗaurewa da kaba, hannu ba safa. Saƙa ɗaya, wadda ta fi kowace karkata, ya bar ta a murfin.

"Wannan fa, Kawu?"

"Bar musu. In ka gyara wa mutum gidansa duka, ba nasa ba ne kuma. Tashi zai yi."

Ba su tashi ba. Damina biyu ya sha zumarsu yana zaune a ƙasa, kafin shi ya tashi ya bar su. Yanzu ni ke ɗaga murfin, kuma har yau hannuna bai iya kai wuƙa ga karkatacciyar saƙar nan ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya dubi karkatattunsa da idon rahama, ya sanyaya makwancinsa. Amin.