Malama Lauratu da Sahu Biyu na Maiƙo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 7 ga Mayu, 2025, Malama Lauratu Maiwada ta rasu a gidanta na Kaura Namoda, bayan gajeruwar jinya.

Malama, ni ce Saliha, wadda ta zo ajinki a tsakiyar zango, shekarar da muka baro ƙauyenmu kusa da Moriki da abin da hannu ya iya ɗauka. Mako uku ina zaune a bencin ƙarshe, ba mai yi mini magana. Na riga na gaya wa mahaifiyata ranar Juma'a zan daina zuwa.

Ranar Alhamis kika fitar da mu fili don darasin tantanin da ke lulluɓe ƙwayar halitta. Kika jera mu sahu biyu, baya da baya, kika ce mu ne ƙwayoyin maiƙon da suka gina shi. Kika sa kowa ta riƙa sauya wuri da maƙwabciyarta, domin a cikin sahu ɗaya maiƙo ba ya hutawa. Amma tsallakawa ɗaya sahun, ko barin wani tantani zuwa wani, da wuya yake yi shi kaɗai, sai wani sinadari mai suna furotin ya kama shi ya kai shi.

Ni ina can gefe, jikin bango. Kika tako har inda nake, kika riƙe hannuna.

"Yau ni ce furotin," kika ce wa ajin. "Ga maiƙo na ɗauko daga Moriki. Ku buɗa mata, inda anka kai ta nan ne wurinta."

Aka yi dariya, wata 'yar ajinmu Kulsumu ta matsa, na shiga sahu. Juma'a ta zo, na zo makaranta.

Kina da faɗa, ba zan ɓoye ba, musamman kan zanen da aka yi da ganganci. Na yi kewar faɗan nan tun kafin a ɗauke ki.

Yanzu ni ke koyar da wannan darasi a Shinkafi. Jiya na jera ɗalibaina, na kamo hannun wata sabuwar yarinya daga wajen Jangeru. Na kai ta bakin sahu, suka buɗa mata.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Malam Maccido, da 'ya'yanki Faruk da Nazifa. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika riƙe hannuna kika sama mini wuri, Allah Ya sama miki wuri a sahun bayinSa na gari. Amin.