Baffa Ilu da Kogin da Ya Nufi Kudu

Duk wanda ya san Baffa Ilu, yayan mahaifina, ya san ba ya zama a wuri sai ya tsiyaya ruwan butarsa a ƙasa ya ga inda zai gangara. Ko a gona, ko a zauren mutane, ko a kan tayil ɗin asibiti, sai ya tsiyaya, ya tsuguna ya bi ruwan da kallo, sannan ya yanke wa wurin hukunci. A noman rani ya ƙare rayuwarsa, a bakin kanal ɗin ban-ruwa tsakanin Kura da Bunkure, don haka a wurinsa ruwa ne kaɗai ba ya ƙarya.

Ranar da aka je nema mini aure ma bai fasa ba. Manya sun zauna, an ajiye goro, Baffa ya tsiyaya ruwa a tsakiyar zaure, ruwan ya miƙe ya nufi gindin bango.

"Alhaji," ya ce wa surukina, "'yarku muna so, amma zauren nan damina ɗaya ta rage masa."

Surukin nawa ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce, "To a yi addu'a mu tashi kafin ya faɗo mana." Haka na samu mata, jama'a!

Ga shi bakinsa ba ya rufuwa. Rediyo ma bai tsira ba. Ran nan mai hasashen yanayi ya ce za a yi ruwa, Baffa ya juya ya ce, "Kai da kake cikin akwati, ina ka ga hadari?"

To sai aka zaɓi 'yata Rukayya ta wakilci makarantarsu a gasar labarin ƙasa a Kura. Nan fa Baffa ya naɗa kansa malami. Shi abin da ya sani, ruwanmu daga madatsar Tiga yake tasowa a kudu ya nufo arewa, saboda haka duk ruwan duniya arewa yake yi. Da Rukayya ta shimfiɗa taswira ta nuna masa kogin Nilu ya nufi arewa, sai ya gyaɗa kai.

"Wannan kogi ne mai tarbiyya."

"Amma Baffa, Kwara kudu ya yi, ya faɗa teku."

"Ke Malama! Wanda ya zana wannan bai taɓa ba tumatir ruwa ba." Ya kama taswirar ya juya ta, sama ta koma ƙasa. "Yauwa, yanzu ta yi hankali."

Muna ta dariya, har ranar da ta dawo da dokar gasar: duk ɗalibin da wani nasa ya yi magana daga cikin 'yan kallo, an fitar da shi. Yarinyar nan ta sha karatu har ta rame. Ta same ni tana hawaye ta ce, "Baba, don Allah kada ka zo da Baffa." Wallahi tsoro ya kama ni, don na san hali.

Na ɗan samu sauƙi da na ga gasar ta faɗo ranar da ake sakar wa gonakinmu ruwa. Baffa kuwa ko bikin sunan ɗansa bai taɓa barin ranar ruwa dominsa ba. Da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana da babbar riga.

"Baffa, ruwan fa?"

"Albasa ta jira."

A ɗakin taro na zauna kusa da shi, na damƙe gefen rigarsa. Da Turanci ake tambaya, amma don ƙarin jarabawa gare ni sai mai gabatarwa yake fassara wa iyaye. Baffa yana ta gunaguni ƙasa-ƙasa, ni ina ta zufa. Aka yi ta zubar da yara, har ya rage Rukayya da wani ɗalibi daga Garun Mallam. Sai na ji an ce, "Kogin Kwara, bayan ya haɗu da Binuwai, ina yake nufa?"

Innalillahi! Baffa ya ja numfashi ya miƙe, rigar ta suɓuce daga hannuna. Alƙalan gasa suka ɗago kai. Rukayya ta zuba mana ido. Sai Baffa ya cire hularsa, ya cusa a baki ya cije, ya ratsa mutane ya fice.

"Kudu," in ji Rukayya, "ya shiga tekun Atalantika."

Tafi ya kaure. Ni dai hamdala kawai nake yi.

A bayan ɗakin taron muka same shi a tsaye, hula jiƙe sharkaf a hannu.

"Ta ci?"

"Ta ci, Baffa."

Ya share ido da hannun riga, ya dubi Rukayya. "Malama, ban ji ba. Maimaita mini yadda kika faɗa musu."

Ta gyara tsayuwa ta maimaita. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Amsar dai ba daidai ba ce, amma wallahi kin iya faɗinta."

Tun da nake ban taɓa ganin Baffa ya haɗiye magana ba sai ranar. Ya bar gonarsa da ƙishi don ya ga jikarsa ta yi nasara, kuma ya hana idonsa gani don kada bakinsa ya cuce ta. Allah Ka jiƙan Baffa Ilu, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.