Makuba a Kan Tayil

Ni waina nake toyawa a bakin tashar Batsari, jikin katangar gidan wanka da bahaya na Alhaji Mannir. Duk wanda ya shiga ya fito ta gabana yake wucewa, har na san direbobin da cikinsu ba ya jituwa da wake. A nan na san Inna Zuwairatu, mai wankin banɗakunan ɓangaren mata. Har yau in na tuna da ita sai raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushin ba.

'Yar wani ƙauye ce a gefen Babban Duhu, can ƙasar Safana. Gajeriya ce, ga faɗin tafin hannu kamar faifai. A garinsu sana'arta daɓe. In an gina sabon ɗaki ita ake kira ta ja gayyar mata, a zuba jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa. In ya kwanta sai a kawo makuba, wato ruwan da aka jiƙa kwasfar ɗorawa a ciki, a shafe shi tas. Ta ce mini daɓenta ko fitsarin yaro ba ya sha, sai dai ya kwanta a sama a share. In tana faɗin haka har wani ɗaga kai take yi, ni kuwa in ce, "Inna, ashe da injiniya muke zaune ba mu sani ba."

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, 'ya'yanta suka watse, kowa ya yi ta kansa. Ta iso Batsari da mijinta Malam Gambo, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ma sai ka kasa kunne. Alhaji Mannir ya ba ta aikin wanki, ya kuma buɗe musu wani ɗan sito a bayan tankin ruwa suke kwana. Abin da yake ba ta bai taka kara ya karya ba. Siton ne komai nata, don yana da ƙofa da rufin kwano, kuma daga inda take durƙushe tana aiki tana jin tarin tsoho in ya kira. Ta sha gaya mini, "Ramatu, ko ba a ba ni komi ba, in dai wanga ɗaki na nan, na gode Allah."

Aikin kuwa ba na mai ƙyanƙyami ba ne. Alhaji farin tayil ya shimfiɗa, ban san wanda ya ba shi shawarar ba. Ranar kasuwa matan Ruma da na ƙauyuka za su cika wurin, ƙafa duk laka, ga goyo, ga masu wanke lalle, ga waɗanda ba su taɓa ganin masai irin wannan ba sai su yi a gefe. Inna tana biye da su da bokiti da tsintsiya, ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba. Saman tayil ɗin ba ya ba ta wuya, omo da soso sun ishe shi. Abin da ya tsaya mata a rai layukan nan ne na tsakani, inda aka cika da farin siminti. Da tsohon burushin baki take bin su a durƙushe, layi bayan layi, ta zuba bilic, ta wanke, su yi haske. Kafin la'asar sun koma baƙi, zarni kuma yana nan inda yake.

"Wa ke yin daɓe shi bar tsaga?" in ji ta. "Ki duba hwa, ɗiyata, nan ne ƙasa ke shan ƙazanta. Ina wanke sama, ita ko tana ƙasa tana mani dariya."

Ana haka wani ya buɗe sabon gidan wanka a ɗaya bakin tashar, komai nasa fes, har da madubi. Fasinjoji suka fara tsallakawa can. Alhaji ya zo da safe ya tsaya a ƙofar ɓangaren mata yana toshe hanci. Ba mugu ba ne, gaskiya, amma in kasuwa ta ja baya ba ya ganin kowa da gashi.

"Iya, warin nan har bakin titi," ya ce. "Zan je Kano in dawo. Ki yi duk yadda za ki yi. In abin ya fi ƙarfinki ki faɗa mini, in nemo mai ƙarfi."

Ta durƙusa ta ce, "Ranka shi daɗe, da yardar Allah za ka iske ya tahi."

Da ya juya ta ɗauki bokitinta ta koma ciki. Ta san in aiki ya tafi, ɗakin ma ya tafi.

Washegari ta bi masu kalwa a kasuwa ta roƙi kwasfar ɗorawa, ta jiƙa a tsohuwar jarka. Na tambaye ta ko magani za ta haɗa wa Malam. Ta ce a'a, maganin tsaga ne: abin da ya hana ƙasa shan ruwa a ɗakunan garinsu shi zai hana ta a nan. Wallahi maganar ta shige ni, don ni ma a kan daɓe na tashi. Ta jira ranar da tasha ba cunkoso, ta wanke wurin ƙal, ta bari ya sha iska, sannan ta bi layukan da tsumma tana shafa makuba, ta bari ta bushe, ta sake. Ban taɓa ganin ta da walwala irin ta ranar ba. Har waƙar daɓe na jiyo tana yi ƙasa-ƙasa, Malam Gambo yana amsa mata daga sito da muryarsa da ba ta fita.

Da gari ya waye, mace ta farko da ta shiga ta fito da gudu tana tofar da yawu. Na leƙa. Layukan duk sun rine, sun yi ja-ja baƙi-baƙi, kuma duk inda tayil ya ɗan karce launin ya kama shi ya yi dabbare-dabbare. A ɗakin kwana, a kan jar ƙasa, wannan launi ado ne. A farin banɗaki kuwa kowa ya san abin da ya yi kama da shi. Inna ta tsaya a ƙofa tana yi wa mata bayani, "Makuba ce, bayin Allah, makuba ce, ku sansana." Wa zai tsaya sansana ƙasan banɗaki? Suka ɗauki butocinsu suka tsallaka titi. Abin takaici, ko kwana uku ba a yi ba zarnin ya dawo, don siminti ba ƙasa ba ne, launin kawai ya karɓa.

Alhaji ya dawo ya gani. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Iya, me na yi miki?" Ya ce ta mayar masa da wurinsa yadda yake kafin kasuwa ta zagayo.

Ta koma durƙuso. Omo bai yi ba, bilic bai yi ba, toka da yashi ma ba su yi ba. Ita da kanta ta san makuba ba don ta fita ake shafa ta ba. Sammani, mai tsaron ƙofar wurin, ya ji tausayinta ya samo mata asid a wajen masu cajin batir, ya ce da shi ake yi a birni. Na ce ta sa leda a hannu, ta ce leda ba ta barin ta ta ji layi. Asid ya yi kumfa, ya ci launin, ya haɗa da simintin ya cinye. Layukan suka zama ramuka, ruwa ya shige ƙasa, tayil ya fara motsi in an taka. Yatsunta suka tsattsage har ba ta iya ba Malam koko a baki, ni nake zagayawa in ba shi.

Na sami Alhaji a shagonsa. Na gaishe shi, na tambayi iyali da hanya, sannan na roƙe shi ya dubi tsufanta. Ya ce, "Ramatu, kin san ban ƙi ta ba. Amma sai an ɗaga tayil ɗin nan duka. Mai gyaran da na kira ya ce ƙaninsa zai riƙa wankewa, ɓangaren maza da na mata, yana da kayan aiki. Siton kuma nan za a zuba siminti, kin ga damina ce." Na ce to ina za ta kai mara lafiya? Ya ce Allah ba zai hana su wuri ba, ya jawo waya ya kara a kunne. Na fito ina zage-zage a zuci, amma ni ma ɗakina ɗaya ne, kuma dangin mijina da suka gudo daga Ruma sun cika shi har bakin ƙofa. Na tambayi maƙwabta, na tambayi masu abinci 'yan'uwana, kowa da nasa baƙin. Makarantar da ake sauke 'yan gudun hijira ma an ce an koma karatu, an sallami mutane.

Ranar da motar siminti ta zo, hadari ya haɗu ta gabas. Inna ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Muka kira mai baro, ni da Sammani muka ciccibi Malam Gambo muka kwantar da shi a ciki, muka tokare masa kai da buhu. Tsohon ya ga an fito da kaya, ya ga matarsa ta yafa mayafi, sai fuskarsa ta saki. Ya yi ta ƙoƙari har maganar ta fito.

"Zuwai, gida za mu?"

Ta gyara masa hula da bayan hannu, don yatsun ba sa lanƙwasuwa. "I, Malam, gida za mu."

Mai baro ya kama hannun baronsa ya turo har bakin titi, ya tsaya ya waiwayo. "Iya, dama ko hagu?"

Ta dube ni, na dubi Sammani.