Gaji ta Illo, Wadda Ta Hana a Sa Namadi a Turu

Kafin hantsi ya ɗaga, Asama'u, wadda duk Illo ke kira Gaji, ta riga ta share ɗakin magani, ta tafasa ruwa, ta wanke tsummokaran ɗaurin miki ta shanya. Aikin da aka ɗauke ta ke nan tun zamanin Turawa. Amma da la'asar takan naɗe 'yar tabarmarta ta bi gidajen waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, bakinsu kuma ya ɗauke. Wannan ba wanda ya sa ta.

Tana yarinya mahaifinta ya yi irin wannan ciwo. Aka ce taɓin hankali ne, aka sa shi a turu, a nan ya cika yana kallon mutane da ido. Gaji ba ta taɓa hucewa ba.

A shekarar da aka samu 'yancin kai ciwon ya kayar da Namadi, tafintan kasuwar kan iyaka, mutumin da ke sasanta fataken Dahome da na Bagudo cikin Hausa da Dandanci da Faransanci. Ya farka hannun dama ba ya motsi. In yana son ruwa sai ya ce "doki". Mutane su yi dariya, shi kuma ya yi jifa da ƙwarya don takaici. Masu zuwa dubiya sukan zauna a gabansa suna zancensa kamar gawa. Wansa Lauwali ya sa aka kawo turu.

Jummai, matar Namadi, ta ce ba za ta manta yadda Gaji ta tsaya a bakin zaure ba.

"Wanga mutum ba mahaukaci ba ne, Malam Lauwali."

"To mi ne ne, Gaji? Yana ce ma ruwa doki!"

Gaji ta juya ta ce, "Namadi, miƙo min buta." Ya miƙo da hannun hagu. "Taɓa kafaɗar wanka." Ya taɓa, hawaye na zuba.

"Kun gani? Duk abin da kuke faɗi yana ji. Maganar na nan cikin kainai, hanyar fita ta lalace. Ku tahi da iccen ga!"

Lauwali ya sunkuyar da kai, aka fita da turun.

Sannan aiki ya fara, mai cin rai. Gaji ta lura Namadi na kawo Fatiha tiryan-tiryan a sallah, alhali sunansa ya gagare shi. Ran nan kuma mata na daka suna waƙa da Dandanci, yaren mahaifiyarsa, sai ga shi yana amshi. Daga nan ta gane waƙa ce hanyar. Takan sa ƙwarya a gabansa ta rera "ru-wa", tana buga masa hannu a gwiwa, ya bi ta, ya kuskure, su sake. Ta hana Jummai ƙarasa masa magana.

"Ki bar shi ya nema da kainai. Ƙwaƙwalwa sabuwar hanya take sara, in kin ɗauke mata aikin ba ta sarawa."

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Dandanci ya fara dawowa, Hausa ta biyo baya tana ɗingishi. Faransanci bai dawo ba har yau. Wata safiya Jummai na shara ta ji an ce, "Jummai, sannu." Ta saki tsintsiya ta durƙushe tana kuka.

Ba kowa ya samu haka ba. Wata tsohuwa daga Kende ba ta wuce "to" da "a'a" ba har ta rasu, amma Gaji ba ta fasa zuwa wurinta ba.

Bana gwiwoyin Gaji sun gaza, ta ajiye aiki. A bikin tunawa da 'yanci an yi jawabai, an yi kiɗa, an yabi masu manyan riguna ɗaya bayan ɗaya. Ba bakin da ya ambaci sunanta. Tana can bayan taro a tsaye, ko kujera ba a ba ta ba. Abin kunya ne, kuma mu duka muka yi shi. Har yanzu akwai gidaje a ƙasar nan da ake rufe irin su Namadi a ɗaki, ana ce wa yara kada su matsa kusa.

Gaji, ke ce kika zauna inda 'yan'uwa suka tashi. Ke ce kika jira kalma ɗaya wata da watanni ba ki ƙosa ba. Uwar marasa baki, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwoyinki sauƙi.

Ku kuma masu karatu, in ciwon nan ya shigo gidanku, kada ku yi zancen majinyaci a kansa. Ku dube shi, ku yi masa magana, ku jira amsa ko ta daɗe. Yana jin ku.