Kwaɗin Clifford Teasdale

Glenda ce ta fara ba ni labarin nan, wato matar Clifford, muna shanya kowa a bayan gidanta da danga a tsakaninmu, a nan Seaham, wani yini da rana ta yi kuskure ta leƙo. Ta ce in rufa mata asiri kada in gaya wa kowa. Daga baya na gane ta gaya wa duk layinmu, har da mai wanke tagogi. Mutum ɗaya ce ba ta sani ba, 'yarsu Kerry, kuma a kanta maganar take.

Clifford Teasdale ƙaton mutum ne, tafin hannunsa kamar faranti. Yana saurayi ya yi aikin haƙar kwal a ramin da ya bi ta ƙarƙashin teku, inda ko ihu ka yi Allah kaɗai zai ji ka. Da aka rufe ramin ya koma tuƙin bas, ya yi ta fama da mashaya da 'yan makaranta har ya ajiye aiki. Duhu bai taɓa ba shi tsoro ba, ɗan iska bai taɓa ba shi tsoro ba. Abin da Allah ya jarabce shi da shi kwaɗo ne. Yana ƙarami yayansa ya saka masa ɗaya a takalmin ruwa, shi kuma ya zura ƙafa babu safa. Tun daga ranar, ko a talabijin aka nuno kwaɗo sai ya tuna yana da aiki a kicin.

To, kun san shagon fam ɗaya na kan babban titi, wanda yanzu ba abin fam ɗaya a cikinsa sai ledar zuba kaya. Da watan Yuni ya kama, Ranar Uba ta matso, sai su kwashe kayan bakin ƙofa su jera na iyaye maza. Safa uku a ƙulle. Kofin shayi da aka rubuta wa wai uban da ya fi kowa a duniya, kwali-kwali, tunda kowane gida a garin nan nasu ne ya fi. Tocila mai mutuwa kafin Laraba. Sandar sosa baya. Turare mai ƙamshin maganin sauro. Soson wanke mota, don bawan Allah ya yi shagalin ranarsa da bokiti a hannu. Mutum ya ciyar da kai, ya tufatar da kai, ka saka masa da soso. Allah ya shirye mu.

Shekarar da Kerry take bakwai, Glenda tana kwance a asibiti an yi mata aiki, ba a san ko za ta tashi ba. Kakar yarinyar ce ta kai ta shagon. Duk safar nan da tocilar nan ba su yi mata ba, sai wani kwaɗon tangaran, zaune a kan dutse da sandar kamun kifi, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Ranar Lahadi da safe Kerry ta ajiye wa babanta shi kusa da farantin ƙwai, a naɗe cikin jarida.

Clifford ya buɗe, tsigar jikinsa ta tashi. Amma a layinmu ba a cewa kyauta ba ta yi ba. Ko mataccen ɓera aka naɗo maka, cewa za ka yi, "Haba, da ba ki wahalar da kanki ba." Da ya tsaya a nan da ya tsira. Sai ya kalli fuskar yarinyar, bakinsa ya zarce.

"Kai, 'yar nan! Wa ya gaya miki duk duniya ba abin da nake so kamar kwaɗo?"

Shi ke nan, ya ɗaure kansa da bakinsa. Glenda ta warke ta dawo gida, kwaɗo kuma ya samu wurin zama. Shagon nan kuwa kamar da gayya, ba shekarar da ba su kawo sabon samfuri ba. Kofi mai kwaɗo a ƙasansa, sai ka shanye shayin ku haɗa ido. Silifas masu idanu. Sabulu kore mai ƙafafu, wanda sai ya goga a jikinsa. Abin goge ƙafa na bakin ƙofa da ke kuka in an taka. Ranar haihuwarsa kwaɗo, Kirsimeti kwaɗo. Da Kerry ta yi aure, mijinta Gavin ya shiga layi, dangin Gavin ma suka ji labari. A coci in an ga kwaɗo a kayan gwanjo, a ce a ajiye wa Cliff.

Wata shekara ya yi ta maza. Ya ce a gaban Kerry, yana kallon silin, "Safata fa duk ta huje." Aka kawo masa safa. Da kwaɗi a jiki.

Glenda kuwa ba ta taɓa taimakonsa ba. In an miƙo ƙunshin sai ta gyara zama ta ce, "Buɗe mana, tsoho, mu ga 'yan uwanka." In baƙi sun tafi ta ce, "Ka shiga ƙarƙashin teku ka fito, amma ka kasa gaya wa 'yar da ka haifa magana ɗaya." Shi kuma ya ce, "Yanzu ai ya yi latti, Glenda." Haka yake cewa tun Kerry ba ta gama firamare ba.

Abin da Clifford yake so da gaske albasa ce. Ba ta miya ba, ta gasa, irin wadda ake kaiwa kulob ɗin tsofaffin ma'aikata a watan Satumba a ɗora a sikeli, kowace kamar kan jariri. Bayan gidansu duk siminti ne sai fili ɗaya a jikin katanga, kamar shimfiɗar tabarma biyu, kuma ƙasar nan shi ya gina ta da hannunsa, shekara da shekaru yana ɗauko takin doki a bayan mota Glenda tana masifa. Tun sanyin Kirsimeti yake shuka iri a kan tagar ɗaki, yana rufe su da bargo, Glenda kuma tana kwana da rigar sanyi. Duk wahalar nan, kullum na biyu yake zuwa. Na ɗaya Norman Pybus ne, wani tsoho mai haƙoran roba da ke gaishe shi da, "Ina na biyunmu?"

A shekarar da nake ba ku labari albasar Clifford ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Tun watan Yuni ta fara tsaga ƙasa. Norman da kansa ya zo ya leƙa ta kan danga, ya tafi bai yi barkwanci ba. Clifford ya shigo ɗaki yana waƙa.

Ana saura kwana kaɗan Ranar Uba, Glenda ta ajiye waya ta same shi yana ban ruwa.

"Albishirinka, tsoho. Bana an ɗaga darajarka. Kerry ta samo baho a shagon."

"Bahon me?"

"Na roba, baƙi, wanda ake binnewa a ƙasa a cika da ruwa. Tafki za su yi maka. Ta ce ka gaji da na tangaran, lokaci ya yi da za ka samu masu rai."

Butar ban ruwa ta karkace a hannunsa, ruwa yana zuba a takalminsa bai sani ba. "A ina za su binne shi? Ai duk siminti ne."

Glenda ta kalli albasar, ta kalle shi. "Gavin zai zo da shebur ranar Lahadi. Ta ce albasa ai ana sayarwa a kanti."

"Ke ba ki ce komai ba?"

"Na ce za ka yi kukan daɗi. Ƙarya na yi?"

Kwanakin nan Clifford bai ci abincin kirki ba. Ina jin sa ta danga, a rumfar kayan aikinsa, yana gwada magana shi kaɗai. "Kerry, 'yata, zauna." Can kuma sai, "Kerry, akwai abin da ya kamata ki sani game da ubanki." Kai ka ce wani iyali ya ɓoye a garin Sunderland. Glenda ta leƙa ta ce masa, "Gaya wa buhun takin da ƙarfi, bai ji ba."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci suka iso. Gavin ya shigo da bahon a ka kamar kunkuru, shebur a hannu, da farin takalmi. Shi mai sayar da inshora ne, bai taɓa haƙa ko ramin gyaɗa ba.

"Barka da Ranar Uba, Cliff! Ina zan fara? In tumɓuke waɗannan ganyayyakin?"

"Kada ka taɓa," in ji Clifford. Muryarsa ta fito da ƙarfin da har karen gidan Pybus ya amsa. Kowa ya tsaya. Glenda ta jawo kujera ta zauna da shayinta, ta ce wannan ba za a ba ta labari ba.

"Kerry, 'yata," ya ce. "Maganar kwaɗin nan."

"Na sani, Baba," ta ce, idonta ya riga ya kawo ruwa. "Ba sai ka faɗa ba. Na san kai ma ranar kake tunawa. Mama tana asibiti, kai kana zaune a kicin ba ka magana, ba ka aski, ina jin tsoron shigowa. Da ka buɗe jaridar nan ka yi dariya, sai na ce a raina, to Mama ba za ta mutu ba. Duk shekara in na shiga shagon nan fuskarka ta ranar nake nema." Ta share hanci. "Me za ka ce, Baba?"

Clifford ya kalli albasarsa. Ya kalli matar nan mai shekara arba'in da 'ya'ya biyu, tana jiran amsa da baki a ɗan buɗe. Ko Glenda ta sauke kofinta.

"Cewa zan yi," ya ce, "wannan mijin naki zai haƙa shi a karkace. Ba ni shebur ɗin, Gavin, kafin ka sare ƙafarka."

Da hannunsa ya tumɓuke su, ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa a kan siminti. Kerry tana ɗaukar hoto tana cewa, "Dubi Baba, har hawaye yake." Glenda ta ce, "Albasa ce, 'yar nan, haka take sa mutum." Sati guda layinmu yana cin miyar albasa, ni ma an miƙo mini ta danga, kuma wallahi ta yi daɗi. A watan Satumba Norman Pybus ya ci gasa, ya tambayi mutane ina na biyunsa ya shiga.

Ni dai ban san yadda za a rubuta wa Clifford wannan ba, ƙarya ce ko sadaka. Allah ne masani, ba a tambaye ni ba.

Shekarar farko ko kwaɗo ɗaya bai zo tafkin ba, Clifford har kyandir ya kunna a coci don godiya. Da sanyi ya wuce sai ga Gavin da ƙwan kwaɗi cike da kwalba, ya roƙo a wurin abokin aikinsa, don kada surukinsa ya ji kunya. Sun ƙyanƙyashe kuwa, ba wanda ya yi asara.

Yanzu haka Clifford yana nan, ya haura saba'in. Albasarsa tana cikin bokitai a ƙofar gida ta wajen titi, ba ta wuce girman ƙwai, masu wucewa suna jefa mata guntun sigari. Bayan gida kuwa ya bar wa masu shi. In Kerry ta zo yakan tsaya a bakin ƙofar kicin, takalmi ɗaure har wuya, wando cushe cikin safa, yana nuna mata su daga nesa da sandar tsintsiya yana cewa, "Ga babban can, ba ya son a matsa kusa."